Ƙusoshi a Ƙasan Takalmin Matata

Sana'ata yankan takalman taya ce. Wurin kawuna na koya, na kuma yi ta a kasuwar Mubi tun muna jihar Gongola har idona ya fara gazawa. Karatun boko aji huɗu na yi, sai ɗan abin da na samu a allo, saboda haka wanda ya ga gargada a rubutun nan ya yi mini uzuri. Abin da zan faɗa laifina ne ni kaɗai, kuma saura ƙiris ya ci rai biyu.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Tsohuwar tayar babbar mota ake samu a tsaga, mutum ya ɗora ƙafarsa a kai, a zagaye ta da alli, a yanka da wuƙa ana tsoma ta cikin ruwa don ta riƙa shiga. Maɗauri kuma daga robar ciki ake fitar da shi. Yawancin masu saye manoma ne da ke saukowa daga kan duwatsu ranar kasuwa, sai makiyaya. Ba ruwansu da kyau. Abin da ƙaya ba za ta huda ba suke nema, wanda zai shekara biyu yana shan wuya.

Daminar da aurena ya shekara, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Michika ya kawo mini takalmansa sau-ciki in gyara musu dunduniya. An tura shi karatu ƙasar Turawa, bai daɗe da dawowa ba. Da ya zazzage jakar sai wani abu ya faɗo tare da takalman, wata baƙar roba mai kama da raga, an jera mata 'yan ƙarafa masu tsini a ƙasa.

Na ɗaga na ce, "Malam, wannan kuma tarkon ɓera ne ko na gafiya?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "A can idan sanyi ya kai sanyi, ruwan da ke kan hanya daskarewa yake yi. Gari duk ya zama ƙanƙara, sulɓi kamar an shafa wa madubi man gyaɗa. In ka fita da takalminka haka nan, sai dai a kwaso ka. To wannan ake saƙala wa takalmi ta ƙasa, haƙoran su riƙa cizon ƙanƙarar. Da shi tsofaffi ma suke zuwa cefane."

"Ba sa faɗuwa?"

"Ni dai duk ranar da na sa shi ban faɗi ba. Ranar da na manta shi a ɗaki, wasu Turawa mata biyu ne suka ɗaga ni, ni kuwa don ruɗewa ina ta yi musu godiya da Fulatanci."

Ya bar mini abin har ranar da zai dawo karɓar takalmansa. Kwana uku ina juya shi a hannu. Na ce a raina, santsi ai santsi ne, ko na ƙanƙara ko na damina. Mu ma muna da marka, lokacin da hanyoyi ke zama taɓo, mace ta fito da tallanta ta zube da shi a tsakiyar titi yara suna sowa. Ban tambayi malamin ko ana taka dutse da abin ba. Shi ma bai ga dalilin faɗa ba, don bai san abin da nake ƙullawa ba.

Na je wurin maƙeri ya yi mini ƙusoshi gajeru masu ƙaton kai. Na yanka taya falle biyu, na buga ƙusoshin ta ƙasa, kawunansu a waje, na lanƙwasa tsinin ta ciki, na rufe da falle na biyu don kada su soki ƙafa. Goma sha biyu na jera a kowane wari. Maɗauri na yi shi biyu, ɗaya bisa ƙafa, ɗaya bayan dunduniya, da igiyar da ake ƙullewa a idon sawu, don kada taɓo ya zare wa mutum takalmi.

Ranar da na fara gwada su an kwana ana ruwa. Daga Wuro Patuji inda muke haya har kasuwa na tafi cikin laka, mutane na dafa bango suna bin gefe, ni ina ratsa tsakiya kamar soja. Ko sau ɗaya ƙafata ba ta goce ba. Abokan zama a kasuwa suka sa mini suna Injiniya. Da ba'a suka fara, ni kuwa na ɗauke shi da gaske. Kaina ya kumbura. Na fara hango mutanen kan duwatsu sun yi layi a gaban rumfata, don su ne masu hanyoyin da suka fi kowanne santsi.

Matata 'yar wani ƙauye ce a kan dutse, can bayan Sahuda. A lokacin cikinta na fari ya shiga wata bakwai, kuma bisa al'ada gidan iyayenta za ta je goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta. An aiko cewa ƙanwar mahaifinta za ta zo ta tafi da ita. Na zauna na yanka mata takalman ƙusa daidai ƙafarta, na goge bakin robar da kyau, har na yi wa maɗaurin ɗan ado. Na ce mata mai ciki ba ta son faɗuwa, waɗannan za su riƙe ta.

Saura kwana biyu tafiyar, na je jan ruwa a rijiyar gidan da takalman a ƙafata. A bakin rijiyar akwai wani faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai, kullum a jiƙe. Ina ɗora ƙafa sai na ji ƙiii, ƙafafuna biyu suka tafi gaba, na faɗi a kan ƙuguna, guga ya yi nasa wuri. Da na tashi na duba, sai ga fararen layuka a kan dutsen inda ƙusoshin suka karta suka wuce. A nan take na gane. Ƙarfe yana nitsewa cikin laka, yana cizon ƙanƙara saboda ya fi ta tauri. Dutse kuwa ba ya cizuwa. A kan jiƙaƙƙen dutse, mai takalmin ƙusa a kan kawunan ƙarfe goma sha biyu kawai yake tsaye, robar ma ba ta taɓa ƙasa.

Matata ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Malam, mene ne ya faɗi?"

Na ce, "Guga ne."

Na san hanyar garinsu. Na bi ta sau da yawa da rani lokacin neman aure, na kuma san akwai falalen dutse a kanta. Amma na ce wa kaina sabulun matan gida ne ya kayar da ni, dutsen daji ba shi da sabulu. Na maimaita wannan har na kusa yarda.

Goggon ta iso da yamma ta kwana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce busasshiya, mai zuwa coci, ko da yake yayanta, wato surukina, Musulmi ne, kuma a gida ɗaya suke zaune. Takalmi ƙafa ɗaya gare ta, na ranar Lahadi, shi ma a hannu take ɗauke da shi sai ta kai ƙofar coci. Bakinta ya fi wuƙata kaifi. Da ta ga takalman ta juya su ta ce, "Ɗana, wannan na jaki ne ko na mutum?"

Na ce, "Goggo, irin na Turawa ne."

Ta ce, "To, Allah ya ba Turawa lafiya."

Ba al'ada ba ce miji ya raka matarsa goyon ciki. Na ce zan je ne don in ɗauki akwatin kayanta, tunda hanya da hawa. Gaskiyar ita ce so nake mutanen dutse su ga takalman a ƙafar 'yarsu.

Tun asuba aka fara ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Da kaina na durƙusa na ɗaura wa matata takalman, don cikin ba ya barin ta sunkuya sosai, na ƙulle igiyar sau biyu na ja da ƙarfi, sannan ni ma na ɗaura nawa. Muka shiga a-kori-kura zuwa Sahuda, daga nan muka kama ƙafa. Hanyar ta bi ta cikin gonakin dawa da gyaɗa, duk ta zama jan taɓo. A nan takalman suka nuna kansu. Matata na tafiya ƙyam, har tana murmushi. Goggo ce ma ta zame sau ɗaya, ta dafa ƙasa da hannu, ƙwaryar da ke kanta ta kusa faɗuwa.

Na ce, "Goggo, da kin yarda na auna ƙafarki jiya."

Ta goge hannu a zane ta ce, "Wanda ya yanka mini tawa ƙafar, shekara sittin ke nan ko maɗauri bai tsinke ba."

Muka yi dariya har da matata.

Wajen azahar muka kai falalen dutsen. Hanyar a nan tana ratsa haƙarƙarin tsauni ne. Dutsen shimfiɗe yake, faɗinsa kamar taku ashirin da wani abu, a karkace kamar rufin kwano. Da rani fari ne fes, awaki ma kwanciya suke yi a kai. Ran nan baƙi ƙirin na gan shi, ruwa na tsiyaya a kansa daga sama, ga layukan gansakuka kore shar sun sauka har ƙasa. A ƙasan kuwa dutsen yankewa ya yi, babu komai sai kwazazzabo, zurfinsa ya kai tsawon giginya. Can ciki mayo ne, wato rafin da ke sauka daga duwatsun, ya cika ya yi jawur yana ruri, yana tafe da rassan itace.

A bakin dutsen akwai wani ƙaramin dutse da ya yi sumul saboda zama. Duk mutumin yankin, babba da yaro, har mai gari, a nan yake zama da damina ya cire takalmi ya ɗora a ka, ya ƙetare da tafin ƙafa, yatsu a buɗe, yana zaɓar inda dutsen ke da kaushi. Na san wannan. A ɗaya gefen wasu manoma biyu na zaune suna hutawa, fartanyoyinsu a gefe, suna kallonmu.

Goggo ta ce wa matata, "Zauna ki cire."

Matata ta zauna ta miƙa hannu, cikin ya tokare ta. Igiyar ta sha ruwa ta ƙara ɗaurewa. Ta ɗago ta dube ni don in kwance mata, tunda ni na ƙulla.

Na dubi manoman nan biyu. Na ce, "Bar su. Ai saboda irin wannan wurin na yi su."

Goggo ta ce, "Ɗana, dutsen nan ya girmi ubanka, ya girmi uban Baturen naka. Ba a hawansa da takalmi."

"Goggo, a kan ƙanƙara fa ake tafiya da irinsu. Dutse har ya kai ƙanƙara santsi?"

"Ni ban san ƙanƙara ba. Wannan na sani."

Matata ta dubi goggonta, ta dube ni. Yarinya ce mai kunya, kuma ba ta so a ce a gaban mutanen garinsu an ƙaryata mijinta. Ta miƙe a hankali tana dafa ƙugu ta ce, "Goggo, bari kawai, tunda ya ce."

Goggo ta yi tsaki ta shiga gaba. Ya kamata ni in bi bayanta, in fara taka dutsen, in abin zai kayar da wani ya kayar da ni. Sai na ce wa matata ta wuce, ni zan biyo baya saboda akwati. Tsoro nake ji. Ƙuguna yana ciwo tun faɗuwar bakin rijiya. Na sa mai ciki wata bakwai ta gwada mini hanya.

Takun farko zuwa na shida wurin da kaushi, ina jin ƙarar ƙusoshinta ƙwas, ƙwas. Har na fara cewa a raina ashe sabulun ne. Na shigo ni ma, akwatin ƙarfe a kaina. Da ta kai inda ruwan ke tsiyaya ta ɗora ƙafar hagu, sai na ji wannan ƙarar da na sani, ƙiii.

Ta faɗi a gefenta na hagu. Ba ta yi ihu ba, "Wayyo Inna" kawai na ji a hankali. Sannan ta fara sulalewa ƙasa, ƙafafu gaba, zanenta na naɗewa, hannayenta na lalube a kan dutsen babu abin kamawa. Na zabura zan bi ta, nawa takalman suka kwashe ni, na zube a kan gwiwoyi. Akwatin ya kuɓuce, ya sulale ya wuce ta gefen kanta kaɗan, ya kai baki ya ɓace. Sai da na ja numfashi kafin na ji ƙarar faɗawarsa a ƙasa.

Ita kuwa ta tsaya. Akwai wata 'yar tsaga a dutsen inda ciyawa ta fito, yatsun hannunta na dama suka shiga ciki. Tsakanin dugaduganta da bakin kwazazzabon bai fi tsawon tabarma ba. Ta so ta tura kanta sama da ƙafa, ƙusoshin suka karci dutsen, ta ƙara sauka kamar faɗin tafin hannu. Ta sake gwadawa, ta ƙara sauka. Hannunta ya miƙe har iyakarsa.

Goggo ta daka mata tsawa. "Kada ki ƙara motsa ƙafa! Kwanta! Manne da dutsen kamar ƙadangare!"

Ni ina nan a rarrafe, ba gaba ba baya. Duk inda na ɗan motsa, sai in ji takalman na neman ja na. Ina ganin yatsun nan huɗu a cikin tsagar, sun yi fari, ciyawar na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Rurin mayo ya cika mini kunne har na daina jin komai sai shi.

Goggo ta ajiye ƙwaryarta. Ta juya baya ta fara sauka da hannu da ƙafa, tana shafa dutsen da babban yatsa kafin ta taka. Ta wuce matata ta gefe, ta shiga tsakaninta da bakin ramin, ta kafa ƙafafunta a wani ɗan kaushi da ni ko ganinsa ban yi ba, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin cinyar yarinyar. Tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Da hannu ɗaya ta kama igiyar takalmin tana ƙoƙarin kwancewa.

"Wane irin ƙulli ne wannan? Akuya ka ɗaure?" Ta sa haƙori, ya ƙi. "Wuƙa! Kai mai takalmi, ba ka da wuƙa?"

Tana aljihuna, ba na rabuwa da ita. Na so in tura mata ita a kan dutsen, na tuna yadda akwatin ya wuce. Dole in kai da hannu. Na zaro ta, na yanke maɗauran nawa takalman har na yanki idon sawuna ban ji ba. Na zare ƙafafuna. Da tafin ƙafata ya taɓa dutsen sai na ji ya kama, sanyi da kaushi, abin da tun farko aka gaya mini. Na sa wuƙar a baki na fara sauka da baya kamar yadda na ga ta yi.

Matata ta ce, "Malam, hannuna ya gaji."

Na kai kusa da kanta, na riƙe wuyan hannunta da hannu ɗaya, na miƙa wa Goggo wuƙar da ɗayan. Na ji tana yanka robar, kirt, kirt. Wari ɗaya ya fita ya gangara. Na biyun ya fi ba ta wuya, don ƙafar na ƙarƙashin jiki, sai da ta ce wa yarinyar ta ɗan ɗaga ƙugu, kuma a wannan ɗagawar dukanmu uku muka motsa ƙasa kaɗan. Na rufe ido. Da na buɗe, na biyun ma ya tafi.

Goggo ta kama ƙafar matata ta dasa tafin a kan dutsen da hannunta, ta ce, "Ji shi. Kin san shi tun kina yarinya. Buɗe yatsu."

Manoman nan biyu sun riga sun shigo dutsen. Ɗaya ya kwanta a sama inda ke da kaushi, ɗayan ya riƙe ƙafarsa ya miƙo mana ƙotar fartanya. Da haka muka riƙa jan ta, a zaune, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, Goggo na tokare da ita ta ƙasa tana yi mata magana da yarensu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da muka kai ciyawa a ɗaya gefen, sai na zauna daɓas.

Gefen jikinta duk ya goge, gwiwar hannu na jini, farce biyu sun ɓalle. Ba ta dubi ko ɗaya ba. Hannayenta biyu na kan cikin.

Goggo ta ce, "Yana motsi?"

Ta shafa cikin tana saurare. Sannan ta girgiza kai. "Da safe yana ta yi. Tun da na faɗi ban ji shi ba."

Goggo ta juyo kaina, tana haki. "Kafin yau, ka taɓa taka dutse da abin nan?"

Na ce, "A'a."

A gaban matata, jini na zuba a hannunta, na sake yin ƙarya.

Ɗaya manomin ya ruga gari, aka zo da gadon kara aka ɗauke ta. Aka shige da ita ɗakin mahaifiyarta, ni kuwa suruki ba ya shiga nan. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gida. Surukina ya fito, na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi ƙafafuna babu takalmi, ya dubi yankan idon sawuna, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Ya juya ya koma ciki. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Aka kira ungozomar garin. Ta daɗe a ciki, da ta fito ta ce ɗan jini ya nuna amma ya tsaya, cikin bai buɗe ba, sai dai abin da ke ciki ya yi shiru. Ta ce wani lokaci tsorata suke yi su lafe, wani lokaci kuma shi ke nan. Na ce a kai ta asibiti Mubi. Surukina ya ce, "Ta wace hanya?" Hanya ɗaya ce, ta kan dutsen, kuma hadari ya sake haɗowa. Kafin magariba ruwa ya sauko, aka mayar da ni wata rumfa kusa da rumbu.

Washegari babu labari. Duk macen da ta fito daga gidan sai in tsura wa fuskarta ido. In na ji an ɗaga murya a ciki sai gabana ya faɗi, in ce kuka ne za a fara. In an yi shiru kuma in ce ɓoye mini ake yi. An kawo tuwo da miyar yakuwa da gyaɗa, na kasa kai loma. Na yi alwala na yi salla, amma da na ɗaga hannu zan roƙa sai na rasa da wace fuska. Na riƙa tuna abin da ungozoma ba ta faɗa ba amma kowa ya sani, cewa in ɗa ya mutu a ciki bai fito ba, yakan tafi da uwar.

Rana ta biyu da hantsi Goggo ta fito zubar da ruwa. Na kira ta gefe na gaya mata komai, dutsen bakin rijiya, fararen layukan, gugan da na ɗora wa laifi, da dalilin da ya sa na ce yarinyar ta shiga gaba.

Ta saurara har na gama, ƙwarya a hannu. Ta ce, "Na sani. Mutumin da ya yarda da takalminsa shi ke shiga gaba. Tun da ka tsaya baya na gane, amma na riga na hau dutsen." Ta watsar da ruwan ƙwaryar. "Ni ma da nawa laifin. Da na zauna na yanke su tun a bakin dutse, ko za ka yi fushi har Kirsimeti."

Na ce, "Goggo, me zan yi?"

"Ni ba ni ka kayar ba. Ita za ka gaya wa. In cikin ya zube ka gaya mata, in ya tsaya ma ka gaya mata. Amma ba yau ba."

Ranar ma ta wuce haka.

A rana ta uku, rana ta ɗan fito, ina zaune ina kallon kaji, Goggo ta leƙo ta yafito ni da hannu. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Na tashi na bi ta. Ta zagaya da ni bayan gida inda zana ta kewaye ɗakin surukata, ta ce in tsaya nan, ta tafi. Ta cikin zanar na ji numfashin mutum a zaune.

Muryar matata ce, a dishe. "Malam?"

"Na'am."

"Ya motsa. Ɗazu da na sha kunu. Sau biyu, sannan ya harbe ni a ƙarƙashin haƙarƙari."

Na dafa zanar na durƙusa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, tana ji, ba ta ce in daina ba. Da na share hawaye na gaya mata abin da na gaya wa Goggo, ban rage komai ba. Na ce ta yafe mini.

Ina jin tana gyara zama da ƙyar saboda ƙugun.

Ta ce, "Ka koma Mubi, Malam. In na sauka za a aiko."

Na koma a ranar. Wata biyu ina zuwa kasuwa ina dawowa ɗaki ni kaɗai, duk mutumin Sahuda da na hango ya nufo rumfata sai wuƙa ta tsaya a hannuna. Bayan an fara yankan dawa aka aiko cewa ta haihu, mace, ƙarama amma da kukanta, uwa da 'ya suna lafiya. Ta dawo ɗakinta bayan arba'in. Ƙugunta na hagu bai koma daidai ba. Haihuwa biyar ta yi bayan wannan, kowacce a wannan gefen take shan wuya, ina zaune a waje ina jin nishinta.